Da Wane Kwano Aka Auna?

Layin wannan makon ya faɗo kanmu, sai ku yi haƙuri, yau cikin akwatin kwamfuta za mu shiga da ku.

A ƙarshen 2022 mu uku muka haɗa kuɗi don buɗe ɗan shago a Tsamaye, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Biyu daga cikinmu sun yi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato. Na ukunmu cajin waya yake yi da tura finafinai, kuma ya fi mu sanin abin da samarin gari za su yarda su zaro kuɗi su biya. Shirinmu shi ne da rana a buga takardu, a zana katin biki da sitika, da la'asar kuma a juya allon ga yara su buga ƙwallo har zuwa isha'i. Mutane da yawa sun ce mu sayi PS kawai kamar yadda kowane gidan gem yake yi. To amma PS ba ta buga takarda, mu kuwa jarinmu na inji ɗaya ne, dole ya ci kasuwa biyu.

Jarin ma bai kai ya kawo ba. Akwai kwasar adashi a ciki, akwai kuɗin tunkiyar da mahaifiyar ɗayanmu ta sayar, sauran kuma buhu biyu ne na gero da muka karɓa bashi a wurin kawun ɗayanmu, wanda dukkanmu muke kira Kawu. Sana'arsa awon hatsi, tun kafin a haife mu yake zaune bakin tabarma da kwanonsa.

Kwamfutar da muka samu tsohuwar ta ofis ce, 'yar Kwatano. Irin waɗannan ba su gajiya da rubutu da lissafi, amma idan aka ce wasa sai an ƙara musu katin girafik. Ga wanda bai taɓa gani ba, wani faifai ne mai fankarsa da ma'ajiyarsa, ana soka shi cikin uwar kwamfutar, aikinsa kawai zanen abin da ido zai gani a allo. A fim an riga an ɗauki hotunan, jera su kawai ake yi, guda 24 a kowane sakan. A wasa kuwa babu hoton da ke ajiye. Duk motsin da yaro ya yi da babban yatsansa, sai katin ya zana filin da 'yan wasan da inuwarsu da 'yan kallo daga farko, nan take. Yawan hoton da ya iya zanawa a sakan ɗaya shi ake kira FPS. Idan ya kai 30 wasa yana yiwuwa, idan ya kai 60 ƙwallo tana tafiya sumul.

Mun zaɓi GTX 1050 Ti na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a watan Oktoba na 2016. Ma'ajiyarsa gigabait 4, wutar da yake ja wat 75, kuma galibinsu ba su neman wata wayar wuta ta daban, ramin da aka soka su ya ishe su. Ga mutanen da sola da ƙaramin janareta ne abin dogaronsu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Lokacin ma ya yi mana daidai, domin a ranar 15 ga Satumba 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da tsarin haƙar da ke cinye irin waɗannan katuna, sai tsofaffin katuna suka cika kasuwannin duniya, farashi ya sauko.

Mun yi karatun katin nan fiye da yadda muka yi wa wasu kwasa-kwasanmu. Duk bidiyon gwaji da muka samu mun sauke a waya. Mun haddace cewa a GTA V yana kaiwa sittin. Har takarda muka rubuta muka kai wa Kawu ranar da za mu karɓi geron, don ya san ba wasa muke ba, ko da yake wasan muke shirin sayarwa.

Ya saurare mu har ƙarshe, yana kaɗe ƙaiƙayi daga rigarsa. Sannan ya ce, "To ɗiyana, wanga abu da kunka ce shina yin sittin, da wane kwano anka auna?"

Muka yi dariya. Muka ce, "Kawu, ai wannan ba hatsi ba ne, Turawa ne suka gwada."

Ya ce, "Turawan a nan garin sunka gwada?"

Ba mu ba shi amsa ba, shi ma bai ƙara magana ba. Ya ba mu geron.

Wani dillali muka samu ta WhatsApp, wanda wani ya haɗa mu da shi, shi ma wani ne ya haɗa shi. Farashinsa ya yi ƙasa da na kowa. Ya turo hoton allon kwamfuta da sunan katin ɓaro-ɓaro, muka tura kuɗi, ya ba direba saƙo, bayan kwana huɗu muka karɓa a tashar Sabon Birni. Kwali sabo, kati yana ƙyalli. Muka soka, kwamfuta ta tashi, ta rubuta sunan da muke son gani. Ranar har shayi muka saya wa maƙwabta.

Ƙwallo ta yi, amma da ɗingishi. GTA V kuwa da an shiga cikin gari sai allon ya cika da zane-zanen banza, wasan ya mutu. Kwana biyu muna zargin komai ban da katin, daga janareta har faifan da aka turo mana wasan a ciki. A rana ta uku muka tuna muna da manhajar Heaven ta kamfanin Unigine a filashi. Tsohuwar manhajar gwaji ce, tun 2009, kyauta ce kuma ba ta neman intanet. Tana zagayawa da kai cikin wani ƙauye da ke shawagi a sararin sama, da gunkin wani dodo mai fukafukai a dandalinsa, kullum hanya ɗaya take bi, minti huɗu da 'yan kai, a ƙarshe ta ba ka lamba. Amfaninta ke nan: tun da tafiyar ba ta canzawa, duk bambancin da ka gani daga injin yake. A bidiyon da muka ajiye, da saiti iri ɗaya, katin yana ba da wajen 40. Namu ya ba da 11.

Sai muka buɗe GPU-Z, wata 'yar manhaja da ke karanta cikin kati. Katin gaske yana da ƙwayoyin lissafi 768. Namu 192. Adadin GTS 450 ke nan, katin 2010, wanda masu algus suke sauya wa bayanan da ke cikinsa don ya riƙa amsa sunan da ba nasa ba. Ma'ajiyarsa ta gaskiya gigabait 1 ce, shi ya sa duk wasan da ya yarda da ƙaryar gigabait 4 ya zuba kaya fiye da haka sai ya kife. Abin da ya fi ba mu haushi, shaidar tana bayan katin tun ranar farko: ramin nan shuɗi na VGA. Katunan zuriyar GTX 10 sun bar wannan tsohuwar hanyar. Mu da difloma biyu, a wannan ramin muka soka wayar allo muna murna ta shiga.

Lambar dillalin ta daina shiga. Ko da tana shiga, wa zai ɗauki hanya don mayar da kati? Duk wanda ya san hanyoyin Sabon Birni da Isa a shekarun nan ya san ba a hawansu sai da dalili mai ƙarfi da addu'ar iyaye. Mutumin birni idan aka sayar masa da jabu zai hau adaidaita ya koma shagon kafin azahar. Mu idan kaya ya iso, ya iso ke nan. Ga sabis ɗin waya da ba a rantsuwa da shi. Ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layuka a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da tamu.

Zuwa gaya wa Kawu ya fi asarar ciwo. Bai yi faɗa ba. Ya ce a nuna masa katin, ya juya shi a hannu, ya ce, "An bugi gindin kwano." Masu tauye mudu haka suke yi, su doki ƙasan kwanon ya lotsa ciki, daga sama ka gan shi cike da tozo, alhali an rage. Ya ƙara mana buhu ɗaya, ya ce bashi ne shi ma, kuma da sharaɗi: wannan karon mu je da ƙafarmu, mu auna da kwanonmu.

Daga baya, da muka nutsu muka karanta tarihin abin, sai muka ga ashe bugun gindin kwano ya daɗe a wannan harka, kuma manya ma an kama su. A 2001 masu gwaji suka gano cewa manhajar da ke tuƙa katin Radeon 8500 na kamfanin ATI tana gane wasan Quake III da sunansa, sai ta rage kyan hoto a ɓoye don lamba ta hau. Yadda aka kama ta abin dariya ne: an sauya sunan wasan daga Quake zuwa Quack, wato kukan agwagwa da Turanci, sai hoto ya gyaru, lamba ta sauko. A watan Mayu na 2003 kuma kamfanin Futuremark na ƙasar Finland, mai manhajar 3DMark, ya fitar da rahoto cewa manhajar Nvidia tana gane gwajinsa tana yanke hanya, ko da yake daga baya kamfanonin biyu sun sasanta sun sassauta lafazin. Masu waya ma sun bi sahu, a 2013 an cire wasu wayoyin Samsung daga jerin 3DMark, a 2018 aka cire wasu na Huawei, saboda suna sakin ƙarfinsu duka idan sun ji gwaji ake yi. Wannan bai dawo mana da kuɗin tunkiya ba, amma ya ɗan rage mana jin cewa mu kaɗai ne wawaye a duniya.

A watan Janairu na 2023 biyu daga cikinmu suka tafi Kano, titin Beirut, da filashi a aljihu. Shago uku suka ƙi yarda a gwada. Na huɗu wani dattijo ne, ya ce, "Malamai, ga tebur nan, ku gwada har ku gaji." Muka ce, "Alhaji, zai ɗauki kusan awa ɗaya fa." Ya ce shi Sakkwatawa ba su taɓa ba shi mamaki ba, ya aika a kawo mana ruwa. GPU-Z ta nuna 768. Heaven ta ba da 39, muka sake, 39, muka sake har sau biyar muna kallon zafin katin. Muka ɗora GTA V, wanda yake da nasa gwajin a ciki, ya wuce lafiya. Muka biya kusan ninkin kuɗin farko, muka naɗe katin cikin rawani muka kamo hanya.

Lokacin hunturu ne, kuma shagon ya yi kasuwa. Da safe katin biki, da yamma layin yara har waje. Muka ɗauka magana ta ƙare, mun auna da kwanonmu kamar yadda aka ce.

Sai bazara ta shigo. A watan Afrilu zafin ƙasarmu yana haura digiri 40 a inuwa, shagonmu kuwa rufin kwano ne ba silin. Yara suka fara ƙorafi. Wani ya ce injin yana sarƙewa daidai lokacin da zai buga shot. Wani ya ƙi biyan kuɗin wasa, ya ce kwamfuta ce ta ci shi, ba abokinsa ba. Mu kuma muka duba lambar da ke kusurwar allo, tana nuna hamsin da wani abu, muka ce sharrin wanda aka ci ne. Mako biyu muna musu da yara 'yan shekara goma sha biyu, muna nuna musu lamba, suna nuna mana allo. Layin ya fara raguwa, wasu suka koma buga ƙwallon a waya.

Yaran ne suke da gaskiya, kuma dalilin lissafi ne mai sauƙi. Lambar FPS matsakaici ce. A ce kati ya zana hoto 59 cikin rabin sakan, sannan hoto ɗaya ya maƙale ya cinye sauran rabin. Lamba za ta ce 60, amma ɗan wasa ya ga allo ya daskare rabin sakan, kuma a cikin wannan rabin aka zura masa ƙwallo. Idan ana son 60 ta gaskiya, kowane hoto sai ya fito cikin kashi 16.7 na dubun sakan, ɗaya bayan ɗaya, ba mai jinkiri. Wani ɗan jarida mai suna Scott Wasson ya yi dogon rubutu kan wannan a mujallar intanet ta The Tech Report a 2011, ya nuna cewa lokacin da kowane hoto ya ɗauka ya kamata a riƙa dubawa. Shi ya sa masu gwajin kirki a yau suke kawo lamba ta biyu, ta kashi ɗaya cikin ɗari na hotunan da suka fi jinkiri. Wannan lambar tana cikin bidiyoyin da muka haddace. Ba mu taɓa kallonta ba, saboda ƙarama ce kuma ba ta da daɗin faɗa.

Muka sayi littafi mai shafi 60 muka ja layuka. Muka kunna MSI Afterburner, wadda ke nuna zafi da gudu da jinkirin hoto a gefen allo ana cikin wasa. Sau uku a rana muke awo: bayan asuba, ƙarfe uku na rana, da bayan magariba. Kowane awo muna rubuta wasan, da saitin, da ko sola ce ko janareta, da ko ƙofa a buɗe take, da minti nawa injin ya yi yana aiki kafin a fara. Wannan na ƙarshen ya fi duk sauran tasiri. Minti biyar na farko kowane inji jarumi ne.

Abin da littafin ya nuna ya ba mu kunya ta biyu. Katin yana da laifinsa: irin waɗannan an saita su ne su riƙa rage gudu da kansu idan suka doshi digiri 83, don kada su ƙone, kuma da rana namu yana zaune a wannan iyakar. Amma ragin bai kai ya jawo sarƙewa ba. Babban mai laifin ƙwaƙwalwar kwamfutar ce, wato firosesa. Ƙurar hunturu ta toshe fankarta kamar an liƙa auduga, man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama garin alli, tana kaiwa kusa da digiri 100 sai ta ja birki, katin ya tsaya yana jiran a ba shi aiki. Heaven ba ta taɓa nuna mana wannan ba, domin ita katin take matsa wa, ba ta cika damun firosesa ba. Ashe kwanon da muka je da shi Kano ma abu ɗaya yake aunawa, kuma da sanyin Janairu muka auna, a shagon da fanka ke kaɗawa. Masu bidiyon da muka haddace kuwa ɗakunansu da na'urar sanyaya, wutarsu ba ta rawa, firosesarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Ba ƙarya suka yi ba. Sittin ɗinsu ta ɗakinsu ce.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. Muka busa ƙurar da famfon keke, muka sa sabon man sanyaya, muka cire murfin gefe muka kafa wa akwatin 'yar fankar caji. Muka ɗaga shi daga ƙasa zuwa kan benci. Muka shimfiɗa zana da karan dawa a kan rufin. Sannan muka yi abin da watanni uku kafin nan za mu ɗauka cin fuska ne ga katin da muka sha wahala a kansa: muka rage kyan hoto, muka kashe inuwa mai laushi da ƙyallin ciyawa, muka ɗaure GTA V a kan 30 da rana. Lambar kusurwa ta ragu, sarƙewa ta tafi. Ba yaron da ya taɓa tambayar ina inuwar ta shiga.

Bayan 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin fetur, farashin galan a wurin 'yan bumburutu ya sa janareta ya zama na ranar biki. Sai littafin ya samu sabon layi wanda babu shi a kowane bidiyo da muka taɓa gani: wasa nawa ake bugawa bayan faɗuwar rana kafin inbata ta fara kuka. Muka rage wa katin iyakar wutar da zai ja zuwa kashi 80 cikin ɗari. A ido ba a ganin bambanci, amma batir ya ƙara mana kusan wasa uku a kowane dare, kuma wasa uku a dare shi ne kuɗin takardar bugawa ta mako.

Kwanakin baya wani saurayi daga Isa ya kira mu, yana son buɗe irin shagonmu, ya ce a gaya masa kawai nawa katin yake bayarwa. Muka ce da wane wata, da ƙarfe nawa, a kan wace kwamfuta, rufin shagonka kwano ne ko laka? Ya ɗauka rowa muke masa. Sai da muka ɗauki hoton shafi shida na littafin muka tura masa, har da shafin jabun katin, wanda har yanzu yake rataye a ƙusa a bangon shago.

Da kaka muka tashi biyan Kawu. Muka sayi gero buhu uku a kasuwa, aka auna a gabanmu, muka ɗora a amalanke muka kai masa ƙofar gida muna jin kanmu. Ya ce a kwance bakin buhu. Ya shiga ciki ya fito da tsohon kwanonsa, ya zauna ya auna tiya bayan tiya, muna tsaye, har aka kira la'asar. Da ya gama ya kaɗe hannu ya ce, "Saura tiya biyu."

Muka koma kasuwa muka ciko.